Kunnen Bakanike

"Malam, kada ka kashe ta. Bar ta ta gama faɗin abin da ke damunta."

Da wannan maganar maigidan garejin ya tarbe ni ranar da na kai masa motata tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Garejin yana cikin lungunan da ke kusa da kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda tsohon baƙin mai ya rine ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Kafin na zo wurinsa na biya wani garejin, aka leƙa na ɗan lokaci aka ce sai an sauke inji, aka yanka mini kuɗin da ya hana ni barci a daren.

Shi kuwa bai ɗauki sifana ba, bai ma buɗe bonet ba. Ya zagaya baya, ya tsuguna, ya tara tafin hannunsa a bakin salansa. Ya daɗe a haka. Sannan ya kai tafin hancinsa ya shinshina, ya miƙe ya jero mini tambayoyi. Da sanyin safiya take yi, ko sai ta ɗau zafi? In ka taka totur karkarwar ƙaruwa take yi ko lafawa? Ka wanke inji kwanan nan? A ina ka sha mai na ƙarshe? Da na gama ba shi amsa sai ya ce, "Silinda ɗaya ce ba ta cin wuta. Injinka lafiyarsa ƙalau. Saura mu san wacce ce, mu kuma san dalilinta."

Na jima ina tunanin abin da tafin nan ya ji. Injin mota in yana tsaye yana silo, babban sandansa yana juyawa kimanin sau 700 a minti ɗaya. Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya cikin juyi biyu. A inji mai silinda huɗu ke nan, wuta tana tashi wajen sau 1,400 a minti, kuma kowane tashi yana turo ɗan hucinsa ta salansa. In duka huɗun suna aiki, hucin yana zuwa a jere, daidai wa daida. In ɗaya ta yi fashi, sai a sami ɗan giɓi a cikin jerin, irin giɓin da makaɗi kan ji nan take idan yaronsa ya tsallake bugu ɗaya. Fetur ɗin da bai ƙone ba kuma yakan fito ɗanye, da warinsa. Mutumin nan ya ƙirga abin da ke faruwa fiye da sau ashirin a daƙiƙa guda da fatar hannunsa, hancinsa kuma ya ba da shaida. Mun saba cewa gani ya kori ji, amma a gareji ji ne kan riga gani isowa.

Bayan haka ne ya kira yaronsa ya ce a kawo kwamfuta. 'Yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba, aka jona ta a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ta nuna P0303. Ma'anarsa silinda ta uku na fashin wuta. A nan ne mafi yawan masu gyara kan tsaya, su aika kasuwa a sayo filogi huɗu da koyil huɗu, in ba ta daina ba a ƙara da nozul. Maigidan bai aika kowa ko'ina ba. Ya cire koyil ɗin silinda ta uku ya mayar da shi kan ta ɗaya, ya kawo na ta ɗaya ya ɗora kan ta uku, ya goge lambar, ya sa aka sake tayar da mota. Ba a jima ba na'urar ta nuna P0301. Cutar ta bi koyil ta koma sabon gida. Da filogi ne, ko nozul, ko bawul ɗin da ya ƙone, da lambar tana nan kan ta uku ba ta motsa ba. Koyil ɗaya na saya.

Wannan ɗan musayar da bai ci kwabo ba, shi ne a ganina zuciyar sana'ar. Kwance noti da ɗaure shi kowane yaro mai ƙarfin damtse zai iya cikin 'yan watanni. Abin da ke cin shekaru shi ne iya yi wa inji tambayar da ba shi da yadda zai yi sai ya faɗi gaskiya. Injin fetur abu huɗu yake nema kafin ya yi aiki: iska da mai a gauraye daidai, matsi a cikin silinda, tartsatsin wuta, sai kuma kowanne ya zo a kan lokacinsa. Duk wata karkarwa, ko ƙin tashi, ko mutuwa a danja, ɗaya daga cikin waɗannan ne ya saɓa. Gwani yana kore su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙin gwadawa zuwa mai wuya, ba ya taɓa abu biyu lokaci guda, don in ya taɓa biyu mota ta warke, bai san wanne ne ya warkar da ita ba, gobe in ta dawo kuma ya koma duhu.

Kayan aikinsa na farko a jikinsa suke. Ka ga tsohon bakanike ya ɗora tsinin doguwar sukundireba a jikin inji ya manna marikin a kunnensa, aikin da likita ke yi da abin sauraron ƙirji yake yi. Ƙarfe yana kai sauti tsaf, ya tace hayaniyar waje. Ƙas-ƙas mai kaifi daga saman inji, wanda yake tafiya a hankali, yawanci na bawul ne, domin sandan da ke buɗe su sau ɗaya yake juyawa duk juyi biyun babban sanda. Dum-dum mai nauyi daga ƙasa, wanda yake ƙaruwa in an taka totur, shi ne wanda ake jin tsoro, alamar inji na dab da bugawa. Kuwwa mai tsayi da safe fanbel ne ya saki. Gurnanin da ke tashi tare da gudun mota, ya canza murya in an karya kwana, boris ɗin taya ne. Haka hayaƙi yake da yarensa. Shuɗi-shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa, a tuhumi ringi. Fari mai kauri da ba ya bajewa da wuri, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, a tuhumi gaskit. Baƙi, mai ya fi iska yawa. Duk wannan ana iya rubuta shi a shafi ɗaya, kamar yadda na yi yanzu. Sai dai bambance ƙas-ƙas ɗin bawul da na nozul a tsakiyar kasuwa, ana walda a dama ana bugun bodi a hagu, babu takardar da za ta koya wa mutum shi. Sai ya tsaya kusa da wanda ya iya, shekara da shekaru, yana kuskure ana gyara masa.

Kunnuwan manyan kanikawanmu a kan Fijo suka goge. Tun 1975 da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri ta Kaduna, 504 ta zama makarantar dubban yara daga Kano zuwa Maiduguri. Mota ce mai kafireta, komai nata a fili. Mai sukundireba da kunne zai daidaita mata mai da iska a gindin bishiya ta tashi lafiya. Motocin da suka cika titunanmu yau wani jinsi ne daban. Yawancinsu na hannu ne daga Amurka da Turai, kuma tun daga ƙirar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da wannan soket mai ramuka 16 da tsarin lambobi iri ɗaya. Aikin da kafireta ke yi ya koma hannun ƙwaƙwalwar mota, wata 'yar kwamfuta da ke karɓar rahoto daga sansa-sansa masu auna iska, zafi, juyin inji da iskar da ta rage cikin hayaƙi, tana ƙoƙarin riƙe ma'auni ɗaya: awo 14.7 na iska ga awo 1 na fetur. Sau da yawa a cikin daƙiƙa take gyara lissafin.

Wasu sun ɗauka zuwan kwamfuta ya kawo ƙarshen gwaninta, wai na'ura ce za ta faɗi abin da za a canza. Wanda ya taɓa tsayawa a gareji ya san ba haka ba ne. Lamba wurin ciwo take nunawa, ba ta faɗin sanadi. Ɗauki P0171, wadda ke cewa iska ta yi wa mai yawa. Tana iya fitowa saboda wata roba ta tsage iska na satar hanya. Tana iya fitowa saboda famfon mai ya gaji, ko nozul ya toshe, ko kuwa ƙurar hunturu ce kawai ta lulluɓe siririyar wayar da ke auna iska, wadda fesa mata abin wankewa ya wadatar. Lamba ɗaya, dalilai huɗu ko biyar, farashinsu daga kuɗin shayi zuwa albashin wata. Mai na'ura da ba shi da kunne zai canza su duka. Mai kunne da bai iya karatun na'ura ba zai yi ta laluben abin da ba ya ƙara ba ya wari, kamar waya da ta tsinke a cikin rigarta. Maigidan da nake magana a kai ya riga ya san amsar da tafinsa, ya sa na'ura ta nuna masa silindar, sannan ya yi gwajin da ya raba gardama. Irin wannan mutum, mai haɗa ukun, shi duniya ke nema ruwa a jallo.

Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, hukumar ƙididdigar ma'aikata tana hasashen guraben kanikawa sama da 60,000 kowace shekara, yawanci don maye gurbin waɗanda suka tsufa ko suka bar sana'ar. A ƙarshen 2025 shugaban kamfanin Ford, Jim Farley, ya fito yana kukan cewa akwai guraben kanikawa kimanin 5,000 a wuraren dillalan kamfanin da aka rasa masu cike su, duk da albashi mai tsoka. Ba a cike irin wannan giɓi da sanarwa, domin gwani ba ya nuna da wuri. Cibiyar ASE, wadda tun 1972 take ba kanikawan Amurka takardar shaida, tana neman shekara biyu na aikin hannu ban da cin jarrabawa, kuma duk shekara biyar sai mutum ya sake zama, don mota ba ta tsaya jiran kowa. Wanda yake son a kira shi cikakken gwanin ƙananan motoci sai ya haye jarrabawa takwas, daga inji da giya zuwa birki da wuta da na'urar sanyaya mota. A Jamus koyon yana ɗaukar shekara uku da rabi, ana raba mako tsakanin gareji da aji. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarinsu shi ne, a 2003 sun haɗe sana'ar bakanike da ta mai gyaran wutar mota suka zama sana'a guda. Mu har yanzu bakanike yana wannan rumfa, rewaya yana waccan, mai mota yana safa da marwa a tsakani, kowanne na cewa matsalar ta ɗan'uwansa ce, alhali motar tuni ta daina bambance ƙarfe da waya.

Akwai wata sana'a da kullum sunanta ke fitowa kusa da na kanikawa in ana lissafin ayyukan da aka rasa masu yi a ƙasashen nan, wato ta mataimakan jinya, masu wanke mara lafiya, su ciyar da shi, su juya shi a gado. Da farko na ga kamar ba abin da ya haɗa su. Sai da na yi jinyar wata gwaggona a asibiti na ga wata ma'aikaciya tana juya ta duk bayan awa biyu, tana danna yatsa a kan jan da ya fito mata a ƙugu, tana kallo ko zai yi fari ya dawo. In ya ƙi yin fari, gyambon kwanciya ya fara, tun fata ba ta fashe ba. Tana lura da kalar fitsari, da yadda haɗiya ta canza, da shirun da ba irin na jiya ba. Tafin maigidan gareji na gani a hannunta. A Amurka wata doka ta 1987 ta sa mafi ƙarancin horon irin waɗannan ma'aikata awa 75, aƙalla 16 daga ciki a aikace a gaban mai koyarwa. Awa 75 na iya koya wa mutum yadda ake juyawa. Idon da ke ganin ciwo kafin ya bayyana kuwa, a bakin gado ake samunsa, kamar yadda ake samun kunne a bakin inji. Sana'o'in biyu kuma rashin daraja ɗaya suke sha, don masu yinsu hannunsu na ɓaci.

Namu ƙarancin ba na yawan mutane ba ne. Shiga kowane gareji a Kano, ko Kaduna, ko Apo ta Abuja, za ka tarar da yara goma a kan mota ɗaya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai iya gano cuta kafin ya kwance, kuma ana ganin sakamakon a motocinmu. Mota ta yi zafi, maimakon a binciki lagireto da fanka da famfon ruwa, sai a cire tamostat a jefar, a jona fanka kai tsaye, a ce ai don ƙasar sanyi aka yi shi. Daga nan inji ba ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, ƙwaƙwalwa tana ɗauka har yanzu safiya ce, tana ta ƙara mai, mai mota yana mamakin yadda tankinsa ke ƙarewa. Matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda 'yan gareji ke kira indomi saboda kamanninta, ana fasa ta a zubar ko a sayar don ƙarafa masu tsada da ke cikinta, ba tare da an tambayi abin da ya toshe ta ba, alhali sau da yawa ɗanyen fetur na silindar da ke fashi ne ya narkar da ita. Fitilar gargaɗin inji ta kama, a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif.

Ba na ɗora wa kanikawa laifin nan su kaɗai. Mu masu motoci ba mu yarda mu biya kuɗin sani ba. In bakanike ya shafe awa biyu yana aunawa ya gano waya ɗaya ce ta saki, ya ɗaure ta, sai mu ce ai ba abin da ya yi, mu miƙa masa na ruwa. In ya sauke inji ya baje mana kayan ciki a kan buhu, mu biya da murna don mun ga aiki. Da hannunmu muke koya wa yaro mai basira cewa kwancewa ta fi tunani kawo kuɗi. Ranar da na tambayi maigidan nan nawa ne aikinsa, ya faɗi kuɗin dubawa daban, na ɗaura koyil daban, na farkon ya fi na biyun. Na biya ban nemi ragi ba, don na san abin da ya tsare mini.

Lamarin kuma ƙara nauyi yake yi. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, mutane suka juya ga mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas ta CNG. Tukunyar wannan iska tana ɗaukar matsin da ya kai bar 200, kusan ninki ɗari na iskar tayar mota. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wurin shan gas a birnin Benin, aka gano tukunyar haɗin walda ce, ba wadda aka ƙera don wannan matsi ba. Motoci masu haɗa inji da batir, waɗanda Toyota ta buɗe wa hanya da Prius a 1997, su ma sun fara yawa a titunanmu, kuma wayoyinsu masu ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200. Batirin da muka saba da shi 12 ne, yaro na iya kama shi da hannu ya yi dariya. Wannan kuwa kisa yake yi. A irin wannan aiki ƙarfin hali ba ya maye gurbin karatu.

Saboda haka duk uban da ya zo yana tambayata ko ya kai ɗansa gareji, nakan ce ya kai shi, amma kada ya cire shi daga makaranta don ya kai shi. An daɗe ana mayar da gareji wurin ajiye yaron da boko ya ƙi, kuma wannan lissafin ya tsufa tare da kafireta. Bakaniken yau yana buƙatar Turancin da zai karanta abin da na'ura ta rubuta da zanen wayoyin mota, da lissafin da zai gane cewa batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 in mota na kashe, ya haura 13.5 in tana aiki, ya kuma san abin da saɓanin haka ke nufi. Hanyoyin samun takarda suna nan: kwalejojin fasaha da jarrabawar NABTEB, wadda aka kafa hukumarta a 1992, da gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago mai matakai uku, daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Takardar tana buɗe ƙofar kamfani da ta gwamnati da ta ƙetare. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ba, dole a haɗa da maigida na gari, wanda ba aiken sayen abinci da wankin noti kawai zai riƙa yi wa yaro ba har shekara biyar. Kafin ka damƙa ɗanka, ka zauna a garejin wuni ɗaya ka ga ko maigidan yana yi wa yaransa tambaya.

Maigidan da ya gyara mini mota yana yi. Ina zaune a benci ina jiran a kawo koyil daga kasuwa aka shigo da wata Honda tana wani siririn kuka daga gaba. Mai ita ya ce an gaya masa famfon ruwa ne. Maigidan ya miƙa wa wani yaro, wanda bai wuce shekara 15 ba, doguwar sukundireba, ya gargaɗe shi ya tattare hannun rigarsa ya nisanci fanbel. Yaron ya ɗora ta a kan famfon ruwa, ya saurara, ya matsa kan altaneto, ya saurara, ya koma kan famfon.

"Me ka ji?"

"Oga, a altaneto ya fi ƙarfi."

"Ya fi ƙarfi, ko daga nan yake fitowa? Ta yaya za ka tabbatar?"

Yaron ya yi shiru yana kallon injin. Can ya ce a kashe mota a cire fanbel, a juya kowanne da hannu. Aka kashe, aka cire. Famfon ruwa ya juya sumul. Da ya juya altaneto sai ga ƙarar yashi-yashi, har ni da ke benci na ji. Maigidan ya juya wurin mai motar ya ce, "Alhaji, boris ne, famfonka bai yi komai ba." Sannan ya ce wa yaron ya ɗauko sifana mai lamba 12 ya fara cire kan batir kafin ya taɓa altaneton.